Gyaran tafkunan Dallol daga tudu yake farawa

Dallol Boso tsohon kogi ne da ya daina gudu tun dubban shekaru. Kwarinsa ya taso daga Azawak, ya ratsa Filinge da Baleyara, ya faɗa kogin Isa wajen Bumba. Ruwan bai tafi ba, yana nan kwance ƙarƙashin rairayi, shi ya sa rijiyar garka ba ta zurfi, tafkuna kuma ke cika da damina su tara dinya da kirinjijiya da zalɓe. A 2004 aka sa Dallol cikin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Sai dai takarda ba ta tare rairayi.

Yau tafkunan cikewa suke da rairayi, kuma da an ce gyara sai hankali ya tafi ga yasa. Yasa kaɗai asarar kuɗi ce, don ciwon a tudu yake. An sare dajin da ke bisa duwatsun da suka yi wa kwarin katanga, ana kai itacen Yamai, ƙasa ta zama fako. In sama ta zubo babu abin da ke riƙe ta, sai kwazazzabai su kwaso yashi su juye a fadama. Wani zai ce ai masana sun auna, ruwan ƙasa a kudu maso yammacin Nijar hawa yake tun shekarun 1960, to ina matsalar? Hawan nan shi kansa alamar ciwon ce: ruwan da daji zai sha ne ke gangarowa, kuma inda ya matso kusa da doron ƙasa kanwa kan fito ta kashe gona. Saboda haka ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata da jeren duwatsu a tudu, da barin toho ya girma kamar yadda manoman Maraɗi suka yi tun shekarun 1980, su ne farkon aikin.

Ƙorafin da ya fi nauyi na mai garka ne, wanda zai ce tsuntsu ba ya ciyar da iyali. Gaskiyarsa, kuma gyaran da zai kore shi ko ya toshe wa makiyayi burtali ba zai kai ko'ina ba. Amma a dubi raƙuman dawan Kure, da suka ragu zuwa kusan 50 a 1996, suka haura 600 bayan shekara ashirin da 'yan kai, ba tare da an tashi ƙauye ko ɗaya ba. Da rani Dallol suke gangarowa cin ganyen gawo, itacen da manomi ke bari a gona don gero ya yi kyau, wanda 'ya'yansa ke riƙe awaki har ruwa ya sauka.