Tsumman Goge Mota Da Ƙurar Birnin Gwari

Da hunturu, motocin da ke zirga-zirga a ƙasar Birnin Gwari jajawur suke da ƙura. Bayan wanki kuwa, nan direba kan yi asara bai sani ba, domin tsohuwar rigar da yara ke tsane mota da ita tana jan yashi bisa fenti, ta bar zane-zanen da ke karya farashi ranar sayarwa.

Tawul ɗin maikurofaiba, mai zaren roba da ya fi gashin kai siranta, yakan shanye ruwa, ya riƙe ƙura cikin saƙarsa. Amma sai an ɗauraye motar sosai, sa'an nan a shimfiɗa shi a danna a hankali, kada a dirza. In ya faɗi ƙasa, a ajiye shi sai an wanke.