Gasar Tanis ta Legas ta 1976: Kofin da Aka Ɗaga a Wata Nahiya

A watan Fabrairun 1976, kamfanin World Championship Tennis na attajirin Amurka Lamar Hunt ya kawo gasar ƙwararrun 'yan tanis maza filin Lagos Lawn Tennis Club. Zamanin yalwar kuɗin man fetur ne, Najeriya na son duniya ta san da ita. Zuwan Arthur Ashe kuwa ba ƙaramin abin alfahari ba ne: baƙar fata, wanda wata bakwai kacal kafin nan ya doke Jimmy Connors ya ɗauki kofin Wimbledon.

Ana tsakiyar gasar, ranar Juma'a 13 ga wata, sojoji masu yunƙurin juyin mulki ƙarƙashin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka harbe Shugaban Ƙasa Janar Murtala Muhammed a motarsa a Ikoyi, kwana goma bayan ya sanar da shirin gina sabon babban birnin tarayya, wato Abujar nan. Aka rufe iyakoki da filin jirgin sama. 'Yan wasan suka maƙale, haka ma Pelé, wanda ya zo Legas wata hidima ta daban.

Bayan ɗan tsaiko aka ci gaba da wasa, shawarar da ke da wuyar karewa a ƙasar da ke makoki, ga kuma jita-jitar da ta cika gari cewa da hannun ƙasashen Yamma a kisan. Ranar Litinin 16 ga wata, Ashe na karawa da ɗan ƙasarsu Jeff Borowiak a wasan kusa da na ƙarshe, sai ga sojoji sun kutso cikin fili a fusace, suna tambayar dalilin wasa alhali an kashe shugaba. Ɗaya ya ɗora wa Ashe bakin bindiga a baya. Ya fita hannuwa a sama, 'yan kallo suka watse. Daga nan aka fitar da 'yan wasan daga ƙasar da rakiyar jami'an tsaro.

Sai a watan Afrilu aka ƙarasa sauran wasannin a Karakas, babban birnin Benezuwela. Ashe ya kammala da Borowiak, amma Dick Stockton ya doke shi a wasan ƙarshe da ci 6–3, 6–2. Kamfanin Hunt bai sake kawo gasarsa Legas ba.