MOTA MA TANA SON KIWO

Ranar kasuwa, tun da asuba ake loda ma motar gari kaya: buhunan hatsi da wake, albasa, tumaki, ga mutane bisa kaya. Motar nan ita ke kai amfanin gona kasuwa, ita ke kawo taki da gishiri da kanwa. In naƙuda ta tsananta ma mace cikin dare, ita ake tayarwa a kai ta asibiti. Wani wuri motar ta ɗan kasuwa ce. Wani wuri ta ƙungiyar manoma ce, da suka yi shekaru suna tara kuɗi kahin su saye ta. Ranar da ta mutu cikin daji, asarar ta gari duka ce. Albasa ta ruɓe, kasuwa ta tashi, marar lahiya ya kwana bakin hanya.

Sau da yawa akan ji an ce mota ta mutu haka kawai. Amma makiyayi ya san saniya ba ta faɗuwa rana ɗaya. Sai ta bar ci, ta rame, gashinta ya tashi, sannan ta kwanta. Haka mota take. Tana nuna ciwonta tun da wuri, in akwai mai dubawa.

A da Peugeot 404 da 504 masu tanti su ne motocin ƙauye. Yanzu Toyota sun hi yawa, kuma mahi yawansu an saye su bayan sun yi aiki wata ƙasa. Kwaltar da ta tashi daga Yamai ta bi Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram ta kusa kilometir 900. Amma motar ƙauye ba bisa kwalta take kwana ba. Hanyarta rairayi ne da jar ƙasa. Da hunturu ga ƙura, watannin Afrilu da Mayu zahi ya wuce digiri 40. Masu ƙera mota sun rubuta cewa motar da ke aiki cikin ƙura da zahi da kaya mai nauyi tana son kulawa da wuri hiye da motar birni.

MAN INJI

Cikin inji ƙarahuna ne ke gogar juna, sau dubbai cikin minti ɗaya. Mai shi ke shiga tsakaninsu ya hana su cin juna. In man ya ragu ko ya tsufa, ƙarhe ya ci ƙarhe, inji ya kama.

Kowace sahiya kahin a tayar da mota, a tsayar da ita wuri mai daidai. A zaro sandar awon mai, a goge ta da tsumma mai tsabta, a mayar, a sake zarowa. Jikinta akwai zane biyu. Mai ya tsaya tsakaninsu. In ya sauka ƙasa da zanen ƙasa, a ƙara. In ya wuce zanen sama, shi ma ɓarna ne.

Juyen mai, wanda makanikai ke ce ma bidanj, a yi shi kowane kilometir 5,000 ga tsohuwar mota mai bin ƙura. In motar ba ta yawan tahiya, a yi shi kowane wata 6. Duk lokacin da aka juye mai, a sake matacinshi, don tsohon mataci cike yake da datti. Ƙaramar mota tana shan litir 4 ko kusa da haka. Motar kaya tana shan litir 5 zuwa 7.

Jikin galan ɗin mai akwai lamba, kamar 15W-40 ko 20W-50. Lambar tana nuna kaurin mai. Littahin kowace mota ya faɗi wanda ya dace da ita. A sayi mai cikin galan ruhe, wanda ba a taɓa buɗewa ba. Man da ake aunawa cikin kwalba ba suna ba lamba, wani sa'i tsohon mai ne aka tace. Araha ba ta ado.

ISKA

Inji yana numfashi. Kahin ya ƙone litir ɗaya na esansi, sai ya shaƙi iska kusan litir 10,000. Duk iskar nan ta matacin iska take bi. In matacin ya toshe, mota ta rasa ƙarhi, ta riƙa shan mai da yawa. In ya huje, rairayi ya shiga inji ya goge shi daga ciki kamar dutsin niƙa.

Lokacin hunturu, a ciro matacin kowane sati, a kaɗe shi a hankali, a busa mishi iska daga ciki zuwa waje. Na takarda ba a wanke shi da ruwa. In ya yage, a sake sabo. Waɗansu direbobi suna cire shi su yar don mota ta ƙara gudu. Wanda ya yi haka ya fara haƙa ma injinshi rami.

RUWA

Ruwan lagireto shi ke kwashe zahin inji. Inji mai lahiya yana aiki wajen digiri 90. A duba ruwan da sahe, inji yana sanyi. Kada a buɗe murhin lagireto inji yana da zahi, don ruwan yana tsalle ya ƙone huska da hannu. In allurar zahi ta hau ja, a tsaya, a kashe mota, a jira ta huce. Kada a zuba ma inji mai zahi ruwan sanyi, kanshi na iya tsagewa.

Ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri yana barin fari cikin lagireto, irin wanda ke kama gindin buta, har ya toshe hanyoyin ruwa. Abin da ya hi shi ne ruwan lagireto na galan. In babu, a sa ruwan sama da aka tace. Bayan girbi, a riƙa share ƙaiƙayi da ciyawa da ke maƙale gaban lagireto. A duba bel ɗin fanka: in ya tsattsage ko ya saki, a gyara kahin tahiya.

Esansi ko gazuwal na bakin hanya yakan zo da ruwa da ƙasa. In dole ce, a tace shi da ƙyalle mai tsabta. Motocin gazuwal da yawa suna da ɗan kofi ƙarƙashin mataci inda ruwa ke taruwa. A riƙa zubar da shi.

TAYA DA KAYA

Ana auna iskar taya da sahe, taya tana sanyi. Bugun ta da ƙafa ba awo ba ne. Ƙaramar mota tana son bar 2 zuwa 2 da rabi. Tayun baya na motar kaya suna son hiye da haka in an yi lodi. Lambar gaskiya tana rubuce jikin ƙofar direba ko cikin littahin mota. Wanda ya rage iska don ya hita rairayi, ya mayar da ita kahin ya hau kwalta. Taya mai ƙarancin iska tana zahi ta fashe.

Makiyayi yana buɗe bakin dabba ya san shekarunta. Taya ma tana da haƙoranta. Gehenta, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe. In an ga 2321, an yi tayar cikin sati na 23 na shekarar 2021. Tayar da ta wuce shekara 6 tana son ido sosai. Wadda ta kai shekara 10 a cire ta, ko da zanenta bai goge ba.

Mota mai buɗaɗɗen baya irin Hilux, kayanta wajen tan ɗaya ne. Tan ɗaya buhu 10 ne masu kilo 100, kuma nauyin mutane yana ciki. Mai loda buhu 20 ya ɗora mutane bisa, yana ganin riba ya ci. Amma birki ba ya riƙe ta, taya ba ta jimrewa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Fasinja ma yana da bakin magana, tunda ranshi ne ke bisa kayan.

BIRKI DA BATIRI

Man birki dabam yake da man inji, kada a haɗa su. Jikin gwangwaninshi an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Ana sake shi kowace shekara 2. In birki ya yi laushi ko yana kuka, kada a ɗauki mutane sai makanike ya gani. Batiri mai murhi, ruwan batiri kaɗai ake ƙara mishi, ba ruwan rijiya ba.

ABIN DA MOTA KE FAƊI

In jar hitila mai hoton buta ta kama ana cikin tahiya, mai ba ya zagayawa cikin inji. A kashe mota nan take, kada a ce bari a kai gari. Hayaƙi shuɗi, inji yana ƙona manshi. Hayaƙi baƙi, iska ba ta isa ko mai ya yi yawa. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba.

LITTAHIN MOTA

Babban ciwon motar ƙauye shi ne mantuwa. Direba ya ce bai daɗe da juyen mai ba, mai mota ya ce bai tuna ba. Maganin wannan ɗan littahi ne da alƙalami, a aje cikin mota. Gaban direba akwai agogon da ke ƙirga kilometir. Ranar juyen mai a rubuta kwanan wata da lambar agogon. In ya nuna 182,000, juye na gaba sai 187,000. A rubuta ranar da aka sake mataci, taya da batiri, da kuɗin da aka kashe.

Motar ƙungiya, littahin ya kasance hannun wanda ya iya karatu da lissahi, ya riƙa karanta shi gaban taro. Kowace ranar kasuwa a cire wani abu daga kuɗin mota a aje don mai da mataci, tun ba a raba riba ba. Kuɗin juyen mai ƙungiya tana iya biya. Kuɗin sabon inji kuwa sai an sayar da shanu. Riga-kahi ya hi magani.