Sri Lanka a 2022: Yadda Jama'a Suka Karɓi Sauyin Firaminista a Tsakiyar Matsin Tattalin Arziki

A ranar 9 ga Mayun 2022 Mahinda Rajapaksa ya ajiye muƙamin firaministan Sri Lanka, bayan kwana uku kuma aka rantsar da Ranil Wickremesinghe a gurbinsa. An yi wannan sauyi ne a lokacin da tsibirin, mai mutane kusan miliyan 22 a kudu da Indiya, ya faɗa cikin matsin tattalin arziki mafi muni tun samun 'yancin kansa daga Birtaniya a 1948. Masu mulki sun yi zaton saukar firaminista za ta kwantar da hankalin jama'a. Ba haka aka yi ba, domin kafin a cika wata uku shugaban ƙasar da kansa ya tsere, an ƙone gidan sabon firaministan, an kuma sake naɗa wani. Fahimtar dalilin haka na buƙatar a duba yadda ƙasar ta shiga matsin, da inda ainihin iko yake a tsarin mulkinta, da kuma abin da masu zanga-zanga suke nema tun farko.

Yadda baitulmali ya ƙare

Sri Lanka na sayo man fetur da iskar gas da magunguna da wani ɓangare na abincinta daga waje. Dalolin da take biya da su na shigowa ne ta hanyar sayar da ganyen shayi da tufafi, da yawon buɗe ido, da kuɗin da 'yan ƙasar masu aiki a waje, musamman a ƙasashen Larabawa, ke aikowa gida. Hare-haren bam da aka kai coci-coci da otal-otal a ranar bikin Ista na Afrilun 2019 sun kori baƙi, annobar korona ta zo ta ƙarasa abin da ya rage.

Gwamnati ma ta ƙara wa kanta nauyi. Jim kaɗan bayan Gotabaya Rajapaksa, ƙanen Mahinda, ya ci zaɓen shugaban ƙasa a Nuwamban 2019, ya zaftare haraji, har ya sauko da harajin kayan masarufi daga kashi 15 cikin ɗari zuwa kashi 8. Kuɗin shiga ya ragu sosai, hukumomin da ke auna ƙarfin biyan bashi suka rage darajar ƙasar, kasuwannin rance na duniya suka rufe mata ƙofa. Sai gwamnati ta koma tana biyan tsofaffin basussuka daga ajiyar kuɗin waje, Babban Banki kuma yana buga kuɗi don cike giɓi. A Afrilun 2021 shugaban ya hana shigo da takin zamani dare ɗaya, da sunan mayar da ƙasar kan noman takin gargajiya. Amfanin shinkafa da na shayi ya faɗi, ƙasar da ta saba ci da kanta a shinkafa ta koma sayowa. An janye haramcin kafin ƙarshen shekarar, amma ɓarnar ta riga ta auku.

A Maris ɗin 2022 aka saki kuɗin ƙasar, wato rufi, ya nemi darajarsa a kasuwa. Dala ɗaya da ake saye kusan rufi 200 ta haura 350 cikin watanni biyu. An riƙa ɗauke wuta har awa 13 a rana, an ɗage jarrabawar 'yan makaranta saboda babu takardar bugawa, layukan mai da na gas sun miƙe na kwana da kwanaki, wasu tsofaffi sun rasu a kan layi. A ranar 12 ga Afrilu gwamnati ta sanar da dakatar da biyan bashin waje, wanda ya kai kusan dala biliyan 51.

Abin da masu zanga-zanga suka nema

Tun 1978 tsarin mulkin Sri Lanka ya ɗora ikon zartarwa a hannun shugaban ƙasa. Shi ke naɗa firaminista daga cikin 'yan majalisa, shi ke jagorantar majalisar ministoci. Gyaran tsarin mulki na 20, wanda aka zartar a Oktoban 2020, ya ƙara wa Gotabaya ƙarfi. Ban da haka, gida ɗaya ne ya mamaye gwamnati: Mahinda, wanda ya yi shugaban ƙasa daga 2005 zuwa 2015, shi ne firaminista, ɗan'uwansu Basil ministan kuɗi, yayansu Chamal minista, ɗan Mahinda mai suna Namal kuma ministan wasanni. Saboda haka jama'a ba su yi wahalar gano wanda za su ɗora wa laifi ba.

A daren 31 ga Maris mutane suka yi dafifi a ƙofar gidan Gotabaya da ke unguwar Mirihana. Ministoci sun yi murabus gaba ɗaya a ranar 3 ga Afrilu, ban da firaminista, amma hakan bai rage komai ba. Daga 9 ga Afrilu masu zanga-zanga suka kafa tantuna a filin Galle Face da ke bakin teku a Colombo, daura da ofishin shugaban ƙasa, suka raɗa wa wurin suna GotaGoGama. Kiran da suke yi guda ne: Gota, wato Gotabaya, ya koma gida. Sansanin ya haɗa ɗalibai da lauyoyi da likitoci da 'yan ƙwadago, da malaman addinin Budda da limaman Kirista da Musulmi. Da yake lokacin ya zo daidai da azumin Ramadan, an riƙa buɗa baki a filin tare da waɗanda ba Musulmi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ta yi yaƙin basasa har zuwa 2009, kuma wadda gwamnatinta ta tilasta ƙona gawarwakin waɗanda korona ta kashe, har da na Musulmi, kafin ta janye dokar a farkon 2021.

Ranar saukar Mahinda

A safiyar 9 ga Mayu aka tara magoya bayan Mahinda a gidan firaminista da ake kira Temple Trees. Daga nan suka fito da sanduna suka afka wa masu zanga-zanga, suka rushe tantunansu. Kafin la'asar labari ya game ƙasar, jama'a suka fito ramuwa. An ƙone motocin safa da suka kawo magoya bayan, an cinna wa gidajen 'yan siyasa da dama wuta, har da gidan gado na iyalan Rajapaksa a kudancin ƙasar. Mutane da dama sun mutu, cikinsu da ɗan majalisa na jam'iyya mai mulki, Amarakeerthi Athukorala. A ranar ce Mahinda ya miƙa takardar murabus, washegari da asuba sojoji suka fitar da shi daga gidan, aka kai shi sansanin sojan ruwa na Trincomalee. An kafa dokar hana fita, an kuma ba sojoji umarnin harbin duk wanda suka kama yana ɓarna.

An yi murnar saukarsa a tituna, har da wasan wuta a wasu unguwanni, amma murnar ba ta daɗe ba. Masu zanga-zanga ba su bar Galle Face ba, tun da wanda suka zo dominsa yana nan a kan kujerarsa.

Naɗin Wickremesinghe da rabuwar ra'ayi

An fara yi wa jagoran adawa Sajith Premadasa tayin muƙamin, ya gindaya sharaɗin cewa sai shugaban ƙasa ya amince zai sauka. Wickremesinghe ya karɓa ba tare da wannan sharaɗi ba, aka rantsar da shi a ranar 12 ga Mayu. Ba baƙo ba ne a ofishin, domin ya fara riƙe shi tun 1993, wannan kuma shi ne karo na shida. Sai dai jam'iyyarsa ta UNP kujera ɗaya tak ta samu cikin 225 a zaɓen 2020, shi kansa ya faɗi a mazaɓarsa ta Colombo, kuma ta kujerar rabon da aka ba jam'iyyar ya shiga majalisa. Ke nan ba zai iya zartar da ko doka ɗaya ba sai da ƙuri'un jam'iyyar SLPP ta iyalan Rajapaksa.

Nan ra'ayi ya rabu. 'Yan kasuwa da wasu jakadun ƙasashen waje sun yi maraba da shi, bisa hujjar cewa ya san hanyar tattaunawa da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, da Indiya da Japan da ƙasashen Yamma, kuma ƙasa ba za ta zauna babu gwamnati ba alhali jiragen mai na tsaye a teku suna jiran biya. Wasu talakawa da suka gaji da layi ma sun ce a ba shi dama. A ɗaya ɓangaren, masu zanga-zanga sun ce an dai sauya wa tuwo suna, kuma an kawo shi ne don ya zama garkuwar iyalan Rajapaksa. Babban limamin Katolika na Colombo, Kadinal Malcolm Ranjith, da fitaccen malamin Budda Omalpe Sobitha, sun fito fili sun soki naɗin, suna cewa jama'a ba su zaɓe shi ba. Manyan jam'iyyun adawa sun ƙi shiga gwamnatinsa, ko da yake wasu 'yan majalisarsu sun karɓi muƙamin minista a ƙashin kansu. Ba a jima ba aka ƙara sunan Ranil a kan allunan da ke cewa a koma gida.

Sabon firaministan ya zaɓi ya faɗa wa jama'a gaskiyar halin da ake ciki. A jawabinsa na 16 ga Mayu ya shaida musu cewa fetur ɗin da ya rage a ƙasar na kwana ɗaya ne, kuma watanni masu zuwa za su fi tsanani. Da yawa sun yaba da wannan, domin gwamnatin baya ta daɗe tana musanta matsalar. Amma yabon bai cika tankin kowa ba. A cikin watan ne wa'adin biyan wani kuɗin ruwa ya wuce, ƙasar ta shiga jerin waɗanda suka kasa biyan bashi a karon farko a tarihinta. Taimakon Indiya, wanda ya kai kusan dala biliyan 4 a shekarar, shi ya hana komai tsayawa cik. A ƙarshen Yuni aka dakatar da sayar da mai ga motocin da ba na aikin gaggawa ba, aka rufe makarantu, aka ce ma'aikata su zauna a gida.

Daga Yuli zuwa akwatin zaɓe

A ranar 9 ga Yuli dubun dubatar mutane suka kwararo Colombo, wasu a ƙasa, wasu maƙale da jiragen ƙasa, suka kutsa fadar shugaban ƙasa da ofishinsa da gidan firaminista. Da dare aka ƙone gidan Wickremesinghe na kansa tare da ɗakin littattafansa. Gotabaya ya bar ƙasar a jirgin soja zuwa Maldives a ranar 13 ga wata, ya wuce Singafo, daga can ya aiko da takardar murabus. Tsarin mulki ya ce majalisa ce za ta zaɓi wanda zai ƙarasa wa'adin, kuma a ranar 20 ga Yuli ta zaɓi Wickremesinghe da ƙuri'u 134. Bayan kwana biyu ya naɗa Dinesh Gunawardena, na hannun daman iyalan Rajapaksa, a matsayin firaminista. A daren da ya gabaci rantsarwar sojoji da 'yan sanda suka fatattaki masu zanga-zanga daga harabar ofishin shugaban ƙasa, daga baya aka tsare wasu jagororin ɗalibai a ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci.

Wannan sauyi na biyu bai jawo irin boren da na farko ya jawo ba. Mutane sun gaji, an tsaurara tsaro, kuma babban abin da suka nema, wato tafiyar Gotabaya, ya samu. Haka nan rabon mai da aka tsara ta lambar QR, inda kowace mota ke da adadin litar da za ta sha a mako, ya rage layuka daga watan Agusta. Hauhawar farashi ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari a Satumba kafin ta fara sauka, tattalin arzikin kuma ya ragu da sama da kashi 7 a shekarar. Sama da mutum 300,000 ne suka fita neman aiki a waje a 2022, likitoci da injiniyoyi na cikin waɗanda suka tafi. A Maris ɗin 2023 IMF ta amince da rancen kusan dala biliyan 3, bisa sharaɗin ƙara haraji da kuɗin wuta. Kaya sun dawo kasuwa, amma da tsadar da ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. An kuma ɗage zaɓen ƙananan hukumomi na 2023 da hujjar rashin kuɗi. A Nuwamban wannan shekarar Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa Gotabaya da Mahinda da Basil, tare da wasu manyan jami'ai, suna da alhaki a rushewar tattalin arzikin.

Shirun da aka yi bai zama yarda ba, kuma zaɓen shugaban ƙasa na 21 ga Satumban 2024 ya tabbatar da haka. Anura Kumara Dissanayake, wanda ya samu kusan kashi 3 cikin ɗari a 2019, shi ya zo na ɗaya da kusan kashi 42. Premadasa ya biyo baya, Wickremesinghe ya zo na uku da kusan kashi 17, duk da cewa a hannunsa layukan mai suka ɓace. Namal Rajapaksa bai kai kashi 3 ba. Sabon shugaban ya naɗa Harini Amarasuriya firaminista, mace ta uku da ta riƙe muƙamin a ƙasar. A zaɓen majalisa na Nuwamba, ƙawancensu na NPP, wanda a da kujeru 3 kacal yake da su, ya lashe 159 cikin 225.

Abin da ya faru a Sri Lanka ya nuna cewa sauya firaminista na iya ba gwamnati ɗan lokacin numfashi, amma ba ya gamsar da jama'a matuƙar wanda suke zargi yana riƙe da iko, kuma wanda aka kawo ba da ƙuri'arsu ya zo ba. Mutanen ƙasar sun auna sauyin da abubuwa biyu, wato ko an samu mai da abinci da magani, da kuma ko an hukunta waɗanda suka jefa su cikin halin. Gwamnatin Wickremesinghe ta yi ƙoƙari a na farko, ta gaza a na biyu, masu zaɓe kuma suka sallame ta a damar farko da suka samu.