Zumunci da Lafiyar Jiki a Zangunan Akra

Asalin kalmar zango wurin da ayari yake sauka ne ya huta. A ƙasar Gana kuwa, inda ake cewa "zongo", kalmar ta koma sunan unguwar baƙi, galibinsu Musulmi, waɗanda suka zo fatauci ko neman aiki suka zauna. A birnin Akra, wanda Hausawan can suke kira Ankara, akwai irin waɗannan unguwanni da dama. Malam Bako ne ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima kuma ta faro ne a farkon shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa. Maamobi tana maƙwabtaka da ita. Mazauna wuraren nan Hausawa ne da Fulani da Zabarmawa da Mosawa da Kotokoli da Dagomba da sauransu, amma Hausa ce harshen da ya haɗa su.

Abin lura shi ne, wanda ya sauka a zango ya baro danginsa a can nesa. Tilas ya yi wasu dangin. Nan ne maigida ya shigo, wato mutumin da yake saukar da baƙo, ya ba shi ɗaki, ya haɗa shi da abokan ciniki, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Daga baya gidan haya ya ɗauki wani sashe na wannan aiki. A gida ɗaya za a sami iyalai da yawa, kowa da ɗakinsa, amma tsakar gida ta kowa ce. A nan ake girki da wanki da reno. Tsohuwar da ba ta fito da asuba ba, kafin hantsi an buga mata ƙofa. Mai jego ba ta rasa wadda za ta dama mata koko, ko da mahaifiyarta tana Katsina ko Yamai.

Shin wannan yana da alaƙa da lafiya? Bincike ya nuna yana da ita. A 1938 aka fara wani nazari a Jami'ar Harvard ta Amurka, wanda ya bi rayuwar maza 724 tun suna samari har tsufansu. An gano cewa waɗanda suka fi gamsuwa da dangantakarsu da mutane a shekara 50 su ne suka fi ƙoshin lafiya a shekara 80. A 2010 kuma Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta suka tattara nazarce-nazarce 148 da suka shafi mutum fiye da 300,000, suka ga cewa masu ƙaƙƙarfar hulɗa da jama'a sun fi waɗanda ba su da ita damar tsawon rai da kashi 50 cikin ɗari. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida yana fama da kaɗaici.

Dalilan ba su da wuyar ganewa. Mai zaman kaɗaici yakan daɗe cikin damuwa, ita kuwa damuwa tana hana barci, tana ɗaga hawan jini. Sannan akwai taimako na zahiri. Maƙwabci ne yake fara lura cewa ka rame, shi ne zai matsa maka ka je asibitin Maamobi, shi ne zai tambaye ka ko ka sha maganinka. Kuɗin adashi, wanda a Gana aka fi sani da susu, da gudummawar da ƙungiyoyin mata suke tarawa lokacin aure da suna da rasuwa, sukan biya abin da inshorar lafiya ta gwamnati, wadda aka kafa a 2003, ba ta ɗauka ba. Ko majalisar samari da ake kira "bes", inda ake shan ataya ana gardamar ƙwallo, a can ake jin labarin aiki, a can kuma ake gane wanda ya yi shiru fiye da kima.

Sai dai cinkoso daban, zumunci daban. Ɗaki ɗaya mai mutum shida da makewayi ɗaya na jama'a su ne hanyar tarin fuka da kwalara, kamar annobar da ta auka wa Akra a 2014. Haka nan biki yana da tsada. Matar da ta kasa yin anko ko rama gudummawa takan janye jiki don kunya, ta zauna ita kaɗai a tsakiyar gida cike da mutane. A ganina wannan kaɗaicin ya fi kowane ciwo, domin ba mai ganinsa.

An ga nauyin abin a watan Maris na 2020, lokacin cutar korona, da gwamnati ta hana taron masallaci da coci, ta taƙaita jana'iza ga mutum 25, sannan ta rufe Akra na tsawon mako uku. Dattijon da sallar jam'i sau biyar ita ce fitarsa da hirarsa da motsa jikinsa, dukansu ya rasa a rana ɗaya.