Sabuwar ma'adana, sabuwar manhaja: Yadda ake yi wa kwamfuta ƙaura ba tare da asarar bayanai ba

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafin da yake bai wa Windows 10, babbar manhajar da ya fitar a watan Yulin 2015. Kwamfutar da ke ɗauke da ita tana nan da ranta, tana kunnuwa, tana buga takardu, tana shiga intanet. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da ake turo mata kyauta kowane wata, sai dai ga wanda ya yi rajista da shirin ƙarin wa'adi, wanda shi ma aka tsara zai ƙare wa ɗaiɗaikun mutane a ranar 13 ga Oktoban 2026.

Wannan faci ba abin wasa ba ne. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150 tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnatin Birtaniya suka soke ganin marasa lafiya masu yawa. Kafar da ta bi ta shiga kuwa, Microsoft ya riga ya toshe ta tun watan Maris na 2017. Waɗanda abin ya rutsa da su su ne waɗanda facin bai kai gare su ba.

Shi ya sa komawa Windows 11 ya zama wajibi ga mai shagon buga takardu, da malamin makaranta, da ɗalibi, da ma'aikacin ofis. Yawancin kwamfutocin da ke hannunmu kuwa na hannu ne, waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin su iso kasuwanni irin su Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja, kuma da dama daga cikinsu suna ɗauke da tsohuwar ma'adana mai nauyin jiki. Sai mutum ya ce tunda za a taɓa ta, bari a yi gaba ɗaya: a canza ma'adana, a ɗora sabuwar manhaja. Shawara ce mai kyau, amma taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda. Aiki biyu ne daban-daban, kowanne da inda yake iya ɓaci, kuma wanda ya cakuɗa su, idan matsala ta taso ba zai san wanne ne ya jawo ta ba.

Me ake samu daga sabuwar ma'adana?

Tsohuwar ma'adana, wadda ake kira HDD, faifai ne na ƙarfe ko gilashi da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura mai kai-komo a kansa tana karanta bayanai. Wannan fasaha ta samo asali ne tun 1956, lokacin da kamfanin IBM ya ƙera ta farko, mai girman firji biyu, wadda abin da take iya ɗauka bai wuce megabait biyar ba. Ta zamani takan karanta megabait 100 zuwa 160 a daƙiƙa. Ita kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinta, ƙananan ƙwayoyin lantarki ne ke riƙe bayanan. Nau'in SATA yakan kai megabait 550 a daƙiƙa, nau'in NVMe kuma yakan kai 3,500, wasu ma har 7,000. Kwamfutar da a da sai mutum ya kunna ta ya je ya yi alwala ya dawo, da SSD takan tashi cikin daƙiƙa ashirin ko ƙasa da haka. Kuma ta fi jure girgiza a jaka ko a kan babur.

Kafin a saya, sai a duba irin mazaunin da kwamfutar take da shi. Akwai na inci biyu da rabi, akwai kuma na M.2, wanda ma'adanarsa 'yar siririya ce, yawanci faɗin milimita 22 da tsawon 80. Shi kansa M.2 ɗin wani SATA kawai yake karɓa, wani NVMe. Sannan kada mai saye ya ga ya biya kuɗin gigabait 500 kwamfuta ta nuna masa 465 ya ce an cuce shi. Masu ƙerawa da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1,024. Cutar da ya kamata a yi hattara da ita ita ce jabun ma'adana da tsohuwar da aka sake wa kwali. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna lafiyar ma'adana da adadin sa'o'in da ta yi tana aiki. Mai saye yana da damar cewa a gwada masa a gabansa.

Shin kwamfutar ta cancanta?

Windows 11, wadda ta fito a ranar 5 ga Oktoban 2021, ta zo da sharuɗɗa. Tana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4 aƙalla, da ma'adana mai gigabait 64, da tsarin tashi na UEFI, da kuma na'urar tsaro ta TPM 2.0. A ɓangaren masarrafa, galibi sai Intel zubi na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. A taƙaice, kwamfutar da aka ƙera kafin ƙarshen 2017 da wuya ta shiga sahu. Manhajar PC Health Check ta Microsoft tana faɗin matsayin kwamfuta cikin minti ɗaya. Idan ta ce babu TPM, kada a yi saurin yanke ƙauna, domin sau da yawa yana nan, kashe shi kawai aka yi a saitin tashin kwamfuta. A Intel da sunan PTT yake, a AMD kuma fTPM.

Wannan bincike shi ne farkon aiki, domin sakamakonsa ne zai nuna hanyar da za a bi.

Hanya biyu, kowacce da ribarta

Lamarin kamar tashi ne daga tsohon gida zuwa sabo. Wani yakan kwashe komai, har da tarkacen da ke bayan ɗaki, ya jera su yadda suke a da. Wani kuma yakan shiga gidan fayau, ya riƙa ɗauko abin da yake buƙata kawai.

Hanya ta farko ita ce a kwafe tsohuwar ma'adana sukutum zuwa sabuwa, da Windows 10 ɗinta da manhajoji da saituka da komai. Ana yin haka da manhajoji irin su Clonezilla, ko Macrium Reflect, ko waɗanda masu ƙera ma'adana ke bayarwa, kamar Samsung Data Migration. Ko da sabuwar ba ta kai tsohuwar girma ba ana iya yi, muddin bayanan da ke ciki ba su fi ƙarfinta ba. Bayan an kwafe, sai a tayar da kwamfutar daga sabuwar ma'adana, a yi aiki da ita kwana biyu ko uku a tabbatar komai lafiya, sannan a ɗaga ta zuwa Windows 11. Wannan hanya ta dace da mai manhajar lissafin kuɗi ko ta zane da ba shi da hanyar sake girka ta, ko mai tsohuwar na'urar buga takardu da aka sha wahala kafin a saita. Illarta ita ce duk wata cuta da ke cikin tsohuwar, da ƙwayoyin cutar kwamfuta da gurɓatattun fayiloli, za su bi ta zuwa sabuwa.

Hanya ta biyu ita ce a girka Windows 11 sabuwa fil a kan sabuwar ma'adana. Ana buƙatar filash mai gigabait 8 aƙalla, wanda za a share abin da ke cikinsa, da kuma data mai yawa, domin fayil ɗin ya haura gigabait biyar. A shafin Microsoft ake sauko da shi, kuma nan ne kaɗai ya kamata a nema. Bayan an gama girkawa sai a dawo da takardu da hotuna, a sake ɗora manhajoji ɗaya bayan ɗaya. Ta fi cin lokaci, amma ta fi tsafta. Ita ce kuma hanya ɗaya tilo ga wanda Windows 10 ɗinsa mai bit 32 ce, domin Windows 11 mai bit 64 kawai ake yi.

A ganina, wanda kwamfutarsa ta shekara biyar ko fiye tana tara shara, hanya ta biyu ta fi masa alheri. Wanda kuwa sana'arsa ta rataya a kan wata manhaja da ba ya iya sake samu, ya bi ta farko a hankali.

Tarkon da ke cikin kwafewa

Akwai wani abu da ke kayar da mutane da yawa. Kowace ma'adana tana da tsarin da aka karkasa ta da shi. Tsohon tsari, MBR, tun 1983 ake amfani da shi, ba ya gane abin da ya wuce terabait biyu, kuma manyan kaso huɗu kawai yake ɗauka. Sabon tsari shi ne GPT, kuma shi Windows 11 take buƙata, domin da shi UEFI ke tashi. Wanda ya kwafe ma'adana mai MBR, sabuwar ma MBR za ta zama, sai ya zo ɗaga manhaja a ce masa kwamfutarsa ba ta cancanta ba, alhali ta cancanta.

Maganin yana cikin Windows 10 ɗin kanta. Tun 2017 Microsoft ya saka wata 'yar manhaja mai suna MBR2GPT da ke sauya tsarin ba tare da goge bayanai ba. Bayan an sauya, dole a shiga saitin tashin kwamfuta a mayar da shi UEFI, in ba haka ba ba za ta tashi ba. Hikimar ita ce a yi wannan sauyi a kan sabuwar ma'adana bayan an kwafe. Idan ya ɓaci, tsohuwar tana nan daram, sai a sake kwafewa.

Ranar aiki

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, a kwafi takardu da hotuna da duk abin da rashinsa zai sa mutum kuka zuwa wani wuri na uku, ko wata ma'adana ta waje ko ajiyar intanet. A buɗe wasu daga cikin fayilolin a ga suna buɗuwa. A duba ko an kulle ma'adanar da BitLocker. Idan haka ne, a nemo mabuɗin ceto mai lambobi 48 a rubuta shi a takarda, a kuma dakatar da kullen kafin a fara. Kwamfutocin da suka fito daga ofisoshin ƙasashen waje sukan zo da irin wannan kulle, kuma idan ya nemi mabuɗi babu, ba wani gwanin da zai iya buɗe shi.

Sai maganar wuta. Kwafe ma'adana yakan ɗauki sa'a ɗaya ko fiye, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar girka manhaja na iya barin kwamfuta ba ta tashi. Mai kwamfutar cinya ya cika batirinta ya kuma bar ta a jone. Mai ta tebur ya nemi sola ko inbata ko janareta mai isasshen mai.

Saka ma'adanar kanta ba wuya. A kashe kwamfuta, a zare caja, a buɗe murfin ƙasa, a cire wayar batir. Ita M.2 a karkace ake zura ta cikin mazauninta, sai a danna ƙarshenta ya kwanta, a ɗaure da ɗan ƙaramin noti guda. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a cire tsohuwar ma'adana gaba ɗaya kafin a girka manhaja ko a yi tashin farko. Idan aka bar su biyu a jone, Windows na iya ajiye fayilolin tashi a kan tsohuwar, sai ranar da aka cire ta kwamfuta ta ƙi tashi. Haka kuma a allon zaɓen inda za a girka, kuskuren latsa layi ɗaya ya isa ya share aikin shekaru.

Game da lasisi, wanda Windows 10 ɗinsa ta halal ce ba zai biya komai ba. Lasisin yana ɗaure ne da babban allon kwamfutar, don haka canza ma'adana ba ya taɓa shi; da ta hau intanet za ta gane kanta, muddin an girka nau'i iri ɗaya, Home ga mai Home, Pro ga mai Pro. Wanda ya bi hanya ta farko ya ɗaga manhajar zuwa Windows 11 yana da kwana goma na komawa Windows 10 idan bai ji daɗinta ba.

Idan kwamfutar ba ta cancanta ba

Akwai dabarun tilasta wa tsohuwar kwamfuta karɓar Windows 11, amma Microsoft ya bayyana cewa bai yi alkawarin ci gaba da turo wa irin waɗannan faci ba. Hanyar da ta fi tsabta ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma kyauta ce. Ubuntu 24.04, wadda ta fito a Afrilun 2024, tana da tallafin shekara biyar, ita kuma Linux Mint tsarinta ya yi kama da wanda mai Windows ya saba da shi. Ga mai buga takardu da bincike a intanet sun wadatar. A nan sabuwar ma'adana ta ƙara amfani: a girka Linux a kanta, a ajiye tsohuwar da Windows ɗinta, idan ba a gamsu ba a mayar.

Kira ga masu kwamfuta da masu gyara

Sau da yawa idan aka kai kwamfuta shago, abin da ake fara ji shi ne, "Yallaɓai, fomatin kawai za a yi mata." Mai kaya yana da haƙƙin tambaya: ina za a ajiye bayanaina, wace hanya za a bi, daga ina aka samo manhajar? Su kuma masu gyara, amana ce a hannunsu, domin a cikin wannan ɗan ƙarfe akwai kundin digirin wani, da lissafin kasuwancin wani, da hotunan iyalin wani. Mai karatu, idan ranar ƙaurar kwamfutarka ta zo, ka fara da ajiyar bayanai, ka yi aiki ɗaya ka tabbatar da shi kafin na biyu, ka kuma karɓi tsohuwar ma'adanarka a hannu. Kada ka share ta ko ka sayar da ita sai ka yi aƙalla wata guda kana aiki da sabuwar ba tare da ka nemi wani abu ka rasa ba.