BABI NA BIYU: DANGANTAKAR BAIWAR ƘIRƘIRA DA TAƁIN HANKALI

2.0 Gabatarwa

An daɗe ana faɗa a cikin al'ummomi daban-daban cewa babu wata tazara mai yawa tsakanin mai baiwa da mahaukaci. Wannan babi zai bi diddigin wannan magana domin a ga inda ta samo asali da kuma abin da bincike ya tabbatar a kanta. Za a fara da ma'anar muhimman kalmomi, sannan a waiwayi tarihin ra'ayin, daga nan a dubi ayyukan masana da rayuwar wasu fitattun masu fasaha. Manufa ita ce a tantance ko ciwon ne ke haifar da fasaha, ko kuwa wani abu ne dabam yake haɗa su. Tambayar ba ta tsaya ga nazarin adabi kaɗai ba, domin kuwa amsar da aka ba ta tana iya sa a nema wa mai ciwo magani, ko a zuba masa ido da sunan baiwa ce take aiki.

2.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Baiwar ƙirƙira a nan tana nufin iya samar da wani abu sabo, wanda kuma al'umma ta yarda yana da amfani ko armashi, kamar waƙa ko labari ko zane ko wata dabara ta kimiyya. Ke nan sharuɗɗa biyu ne, wato sabunta da amfani. Sambatun wanda hankalinsa ya gushe sun cika sharaɗi na farko, amma ba su cika na biyu ba.

Shi kuwa taɓin hankali, Bahaushe kan kira shi hauka ko taɓuwa ko zautuwa, amma likitoci sun kasa shi gida-gida. Uku daga ciki ne suka shafi wannan babi:

(a) Ciwon damuwa mai tsanani, inda mutum kan shafe makonni cikin baƙin ciki da mutuwar jiki da yanke ƙauna.

(b) Ciwon baifola, inda yanayin mutum ke hawa da sauka. A lokacin hawa yakan cika da zumuɗi da surutu da ƙarancin barci, tunani na zuwa masa da gudu. A lokacin sauka kuma sai ya faɗa cikin damuwa.

(c) Ciwon sikizofiriniya, inda mutum kan ji muryoyin da babu su, ya yi imani da abin da ba shi da tushe, zancensa kuma ya rikice.

2.2 Asalin Ra'ayin

A tsohuwar ƙasar Girka, Aflatun ya bayyana cewa mawaƙi na gaskiya ba da dabararsa yake waƙa ba, wani irin hauka ne daga allolinsu yake saukar masa. Haka kuma, a wani littafi da ake dangantawa da Aristotal an yi tambayar dalilin da ya sa waɗanda suka yi fice a falsafa da siyasa da waƙa suke fama da yawan baƙin ciki. Larabawan zamanin Jahiliyya su ma sun ɗauka kowane babban mawaƙi yana da shaiɗaninsa mai sanya masa baitoci a baki. Kalmar "abƙari", wadda suke kiran mai hazaƙa da ita, ta samo asali ne daga Abƙar, wani wuri da suka ɗauka matattarar aljannu ce, kamar yadda kalmar "majanuni" ta fito daga tushe ɗaya da kalmar aljani. A ƙasar Hausa ma akan ji ana cewa aljannu ne ke bai wa wane waƙa idan ya iya ƙaga ta nan take, kuma iskokin nan dai su ake ɗora wa alhakin taɓuwar hankali. Abin lura shi ne, a duk waɗannan al'adu an ɗauka baiwa da hauka daga wajen mutum suke zuwa, kuma ta ƙofa ɗaya suke shiga.

A ƙarni na 19 ne maganar ta koma hannun likitoci. Cesare Lombroso, wani likita ɗan ƙasar Italiya, ya wallafa littafi a 1864 inda ya yi iƙirarin cewa hazaƙa wani nau'i ne na lalurar ƙwaƙwalwa, daga baya ma ya danganta ta da farfaɗiya. Sai dai hujjojinsa labarai ne da ya tsinto waɗanda suka dace da ra'ayinsa. Da Havelock Ellis (1904) ya bi tarihin fitattun mutane 1,030 na ƙasar Birtaniya, sai ya tarar kimanin kashi 4 cikin 100 ne kawai suka taɓa haukacewa. Ita ma Adele Juda (1949), wadda ta nazarci masu fasaha da masana kimiyya 294 daga ƙasashen da ke magana da Jamusanci, ta gano mafi yawansu lafiyarsu ƙalau, ko da yake matsalar ta fi bayyana a tsakanin marubuta waƙoƙi.

2.3 Bincike a Kan Marubuta da Masu Fasaha

Aikin da aka fi ambatawa a wannan fage shi ne na Nancy Andreasen (1987). Ta yi hira da marubuta 30 da suka koyar a shirin horar da marubuta na Jami'ar Ayowa a Amurka, ta kwatanta su da wasu mutum 30 masu irin shekarunsu da iliminsu waɗanda ba marubuta ba ne. Daga cikin marubutan, 24 sun taɓa fama da ciwon damuwa ko baifola, a ɗaya ɓangaren kuwa mutum 9 ne. Ta shiga binciken ne tana zaton za ta tarar da sikizofiriniya, amma ko marubuci ɗaya ba ta samu da ita ba. Kay Jamison (1989) kuma ta nazarci fitattun marubuta da masu zane 47 na Birtaniya, ta tarar kashi 38 cikin 100 sun taɓa karɓar magani saboda irin waɗannan cututtuka. Arnold Ludwig (1995) ya faɗaɗa aikin zuwa tarihin rayuwar mutum 1,004, ya nuna cewa matsalar ta fi yawa ga ma'abota adabi da kiɗa a kan masana kimiyya.

Duk da haka, masana irin su Albert Rothenberg da Judith Schlesinger sun soki waɗannan ayyuka. Na farko, adadin mutanen da Andreasen da Jamison suka nazarta ya yi kaɗan. Na biyu, Andreasen da kanta ta yi hirarrakin tana sane da wane ne marubuci, Jamison kuwa ba ta da rukunin da ta kwatanta mutanenta da shi. Na uku, tarihin rayuwa ba takardar asibiti ba ce, domin mai rubuta shi yakan fi kambama abin da zai ja hankalin mai karatu. Saboda haka waɗannan ayyuka sun nuna alama ce kawai, ba su yanke hukunci ba.

2.4 Bincike a Kan Ɗaukacin Jama'a

An sami hanyar kauce wa wannan rauni a ƙasar Suwidin, inda hukuma ke ajiye bayanan asibiti da sana'a da dangantakar iyali na kowane ɗan ƙasa. Simon Kyaga da abokan aikinsa (2013) sun yi amfani da bayanan marasa lafiya kusan miliyan 1.2 da danginsu. Sakamakon ya nuna abubuwa uku. Na farko, idan aka ɗauki masu sana'o'in ƙirƙira gaba ɗaya, ba su fi sauran jama'a kamuwa da taɓin hankali ba, in ban da baifola. Na biyu, marubuta sun fita dabam, domin sun fi fuskantar damuwa da baifola da sikizofiriniya da shaye-shaye, kuma haɗarin kashe kai a cikinsu ya ɗara na sauran jama'a da kusan rabi. Na uku, wanda shi ne mafi muhimmanci, dangi na jini na masu baifola da sikizofiriniya, wato iyayensu da 'yan'uwansu da 'ya'yansu, an same su da yawa a cikin sana'o'in ƙirƙira.

Wannan ya yi daidai da abin da Ruth Richards da abokan aikinta (1988) suka gano a ƙasar Denmak, cewa ƙirƙira ta fi ƙarfi ga masu ɗan ƙaramin nau'in ciwon da lafiyayyun dangin marasa lafiya, ba ga waɗanda ciwon ya yi wa tsanani ba. Har wa yau, wani bincike na ƙwayoyin gado da aka yi a kan mutum 86,292 a ƙasar Aisland (2015) ya nuna cewa 'yan ƙungiyoyin masu fasaha sun ɗan fi sauran jama'a ɗauke da ƙwayoyin da ke ƙara haɗarin waɗannan cututtuka biyu. Sai dai abin da ƙwayoyin suka bayyana na bambancin da ke tsakanin mutane wajen ƙirƙira bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Shelley Carson da abokan aikinta (2003) sun kawo wani bayani a kan yadda hakan ke faruwa. Ƙwaƙwalwar ɗan'adam tana da wata irin rariya mai tace abubuwan da mutum ya saba da su ya ɗauke su marasa amfani. Ga wasu mutane rariyar tana da manyan huji, abubuwa da yawa na shiga tunaninsu. Idan mutum yana da kaifin basirar da zai tsara su, sai su zame masa kayan aiki. Idan kuwa babu wannan, sai su yi masa yawa.

2.5 Tasirin Ciwon a Kan Aikin Mai Fasaha

Rayuwar waɗanda ake kafa hujja da su ita kanta tana goyon bayan wannan fahimta. Robert Schumann, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Jamus, ya tsara waƙoƙi fiye da 130 a 1840, amma a 1844 da damuwa ta kama shi kusan bai tsara komai ba. A 1854 ya faɗa kogin Rayin, aka ceto shi aka kai shi gidan jinya, inda ya mutu a 1856. Da Robert Weisberg (1994) ya auna ayyukansa, sai ya ga lokutan zumuɗi sun ƙara yawan aikin ne, ba su ƙara ingancinsa ba. Vincent van Gogh ya yi zane kimanin 150 a shekara gudan da ya yi a gidan jinya a Faransa daga 1889 zuwa 1890, amma a tsakanin tashin ciwon yake yin su, idan ya tashi kuwa aikin kan tsaya. John Nash ya yi aikin lissafin da ya kai shi ga lambar Nobel ta 1994 tun a 1950, kafin sikizofiriniya ta kama shi a 1959 ta raba shi da aiki na shekaru masu yawa. A nahiyar Afirka kuma, Bessie Head ta rubuta littafinta A Question of Power (1973) a kan abin da ta gani lokacin da hankalinta ya gushe, amma sai bayan da aka sallame ta daga asibiti a Botswana ta iya tsara shi.

Wasu masu fasaha kan ƙi shan magani don tsoron kada baiwarsu ta dushe. Mogens Schou (1979) ya tambayi masu fasaha 24 da ke shan maganin litiyam saboda baifola. Daga cikinsu 12 sun ce aikinsu ya ƙaru, 6 sun ce bai sauya ba, 6 kuma sun ce ya ragu. Ke nan tsoron yana da ɗan tushe, amma ga mafi yawa magani bai hana aiki ba.

2.6 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa, kamar yadda Hausawa ke cewa, ruwa ba ya tsami banza. Akwai dangantaka, sai dai ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Ta fi ƙarfi ga marubuta, ta fi shafar baifola, kuma ta fi bayyana a cikin zuriya a kan mutum guda. Mafi yawan masu baiwa lafiyarsu ƙalau, haka kuma mafi yawan masu taɓin hankali ba su da wata baiwa ta musamman. Inda ciwon ya yi tsanani kuwa, yakan gurgunta fasahar ne, wani lokaci ma ya tafi da mai ita. Saboda haka bai kamata manazarcin adabi ya yanke wa marubuci hukuncin taɓuwa daga abin da taurarin labarinsa suka faɗa ba, kuma bai kamata iyali su bar mai baiwa cikin ciwo suna cewa iskokinsa ne suke ba shi ba.